Shari'ar 'Yar Akuyata

Ranar da aka fara shela a rediyo cewa an naɗa mace alƙali a ƙasar nan, mazan unguwarmu suka yi ta salati kamar an yi gobara. Ni dariya na yi. Mu a Jibiya mun ga alƙaliya tun zamanin Turawa, ni har kaye na sha a gabanta ina 'yar yarinya.

Gwaggo kowa ke ce mata, har masu furfura. Tsohuwa ce 'yar firit, bakinta jawur da goro, gidanta a bakin hanyar da ta miƙe Maraɗi. Babu wanda ya naɗa ta. Abin da ya sa mata ke kai mata ƙara shi ne, rabin dangin kowace mace a garinmu suna ƙetaren iyaka, ƙasar Faransa, kuma sammacin alƙalin gari ba ya wuce shingen 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a iyaka. Saƙon Gwaggo kuwa a bakin mai tallar fura yake tafiya, babu mai tare shi.

Iya, yayar Innarmu, tana aure a wani ƙauye can ƙetare. Ita ta ba Inna akuya kiwo. Ƙa'idar kiwo kowa ya san ta: haihuwa biyu na mai akuya, ta uku ta mai kiwo. Inna ta yi mini alkawari ta ukun tawa ce, tunda ni ke yankan ciyawa, ni ke kai dusa. Haihuwar fari Iya ta zo ta ɗauki abinta. Ta biyu ɗan ya zo babu rai. A ta uku aka sami 'yar akuya fara mai baƙin kunne, na so ta son da ban taɓa yi wa ƙannena ba.

Sai Iya ta aiko a kai mata ita, wai matacce ba ya shiga lissafi. Inna ta mayar da amsa cewa ciyawar da akuyar ta ci a wancan cikin ba matacciya ba ce. Magana ta yi tsami, 'yan kai saƙo suna ƙara gishiri a hanya, har ta kai ko sun haɗu a kasuwa kowacce sai ta kau da kai.

Wata Lahadi, ranar kasuwarmu, Gwaggo ta kira su. Ta saurari kowacce har ta gama kumfar bakinta, sannan ta sa aka ɗaure 'yar akuyar a turken gidanta. Ta jawo buhun gyaɗa ta ajiye tsakaninsu.

"Ni ba ni iya tunani hannuna na aiki," in ji ta. "Ku ɓare mani wagga, in duba maganarku."

Ta jingina da bango, ba a jima ba muka ji minshari. Sai la'asar ta farka, ta dubi tulin ɓawo, ta ce, "Shari'a mace ce da ciki. Ku komo Lahadi."

Haka aka yi ta komowa. Kowace Lahadi da sabon buhu da sabuwar tambaya. Ran nan sai ta ce a gano mata bunsurun da ya ba akuyar ciki, na Faransa ne ko na Ingilishi, domin ba ta son ta shiga hurumin kumandan, Baturen mulkin Faransa. Da gyaɗa ta ƙare ta fito da auduga. Ni kuwa kullum da safe ina kai wa 'yar akuyata ciyawa, ranar zama in tsaya jikin turke ina shafa ta, ban taɓa cewa uffan ba. A raina na gama cin shari'a, tunda alƙaliya da idonta take ganin wahalata.

Abin da ban lura da shi ba, masu gabar sun fara gunaguni tare. Da farko kowacce buhu take yi wa mita. Daga nan na ji Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, tsohuwar ga bauta ta samu." Iya ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Ta nuna wa Inna babban yatsanta da ya tsage, Inna ta kwance bakin zane ta lakato man kaɗe ta shafa mata. Minsharin Gwaggo ya ƙara ƙarfi, amma na ga ido ɗaya a buɗe.

Da Gwaggo ta tashi, Inna ta durƙusa. "Gwaggo, mun shirya." Ta juya ga Iya. "Yaya, tahi da abarki. Mi zan yi da akwiya in babu ke?"

Iya ta fashe da kuka, tana kukan tana kwance igiya. Ko sau ɗaya ba ta ce a bari ba, ko don kara. Allah ya jiƙanta, amma wannan har yau yana yi mini ciwo. Suka fita tare, 'yar akuyata na tirjewa.

Na faɗi ƙasa ina birgima. "Gwaggo, ai tawa ce! Ni aka yi ma alkawari, ni ke yanko mata ciyawa!"

Ta gutsuri goro, ta dube ni, wannan karon babu wasa a fuskarta.

"Na sani, ƙawata. Kowace sahiya ina ganinki. Tun ran hwarko nike jiran ki buɗe baki ki ce taki ce, da ke zan ba. Kin taɓa jin alƙalin da ya yanke ma wanda bai kawo ƙara ba?"

Na tashi na ruga bakin hanya ina ihu, tawa ce, tawa ce. Sun riga sun wuce shinge, Inna na raka yayarta, ina hango su suna dariya.