Allon da Ban Bari Ka Buga Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, aka kira ni daga garin Rajahmundry aka ce malamina, daraktan fim Nallamothu Sitapati, ya rasu. Malam, shekara tara ke nan rabona da ƙofar gidanka, kuma ba nisa ne ya hana ni ba.

Kai ka tsince ni ina rarraba shayi a wajen ɗaukar fim, ka koya mini inda ake kafa kyamara. Fim ashirin da biyu ka yi, yawancinsu a bakin kogin Godavari, kuma ba ka taɓa cin shinkafarka ba sai mai riƙe fitila ya ci. In na yi shirme sai ka ce, "Kai Kondalu, idanun nan naka na ado ne?" Da yamma kuma ka tura mini rabin abincinka.

Kowa a sana'armu ya san ranar da za a fara ɗaukar fim ɗin mutum na farko, bayan an fasa kwakwa don neman albarka, malaminsa ne ke buga allon nan da ake bugawa a gaban kyamara kafin a ɗauki hoton farko. Da tawa ranar ta zo, finafinanka uku sun faɗi a jere, ana ta raɗa cewa kana da farar ƙafa. Furodusa ya ja ni gefe ya ce, "In tsohon nan ya taɓa allon, na janye kuɗina." Ban yi musu ba ko da kalma ɗaya.

Ka zo da sabbin fararen kaya da jaka a hammata. Ina kallonka na miƙa wa wani mutum allon. Ka tafa tare da kowa, ka dafa kafaɗata ka ce, "Rana na bayanka, juya kyamarar." Fim ɗin ya yi kwana ɗari a sinima, ni kuwa kunya ta hana ni zuwa gaishe ka.

Jiya matarka Kameswari ta miƙo mini jakar nan. Tsohon allonka ne a ciki, ka goge sunanka ka rubuta nawa da fenti. Ta ce, "Ɗana, ya ce ranar jama'a sun yi maka yawa, in ka sami sarari za ka zo ka karɓa."

Na zo, Malam, amma na makara. Ubangiji ya ba ranka salama, ya ba Mama Kameswari da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, ko da yake na san tun a ranar ka yafe, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.