Takardar Burtalin Ardo Hussaini

Shekara ashirin da shida Malam Dabo ya yi yana riƙe da makullin ɗakin takardu a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Daura. Ɗan siriri ne, biro uku a aljihu, kuma ko goro ba ya karɓa kafin ya nemo maka fayil. Da wannan yake tinƙaho duk inda ya zauna.

Sai dai fa ɗakin ya cika maƙil, ga gara, ga yoyo. In tsofaffin takardu suka hana shi wurin shimfiɗa sallaya, sai ya kwashi na ƙasa ya miƙa wa Shatu mai ƙosai a bakin ƙofa, ta riƙa naɗe wa mutane. Haka ya tarar magabatansa suna yi. To, wa ma zai tambaya?

Kwatsam aka ce yanzu doka ta hau kan ƙananan hukumomi: ko talaka ne ya rubuto yana son ganin takarda, dole a nuna masa cikin kwana bakwai. Dabo har dariya ya yi, ya ce wannan maganar 'yan boko ce.

Ashe ba ɗan boko ne zai fara zuwa ba. Ardo Hussaini ne, dattijon makiyaya, da sandarsa da wasiƙar da aka rubuta masa. Wani mai hali ya shuka gero a kan burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya, alƙali kuma ya ce a kawo takardar shata iyaka ta shekarun baya. In babu ita, hanya ta tafi ke nan.

"Malam, ai kai ka rubuta ta da hannunka," in ji Ardo, yana murmushi.

Dabo ya shiga nema. Kwana huɗu yana birkita ɗakin, ƙura har cikin kunne, alhali ya san shekarar, ya san kwalin, ya san inda ya kai shi. Ya je wurin Shatu kamar mai neman aro. Ta ce, "Haba Malam! Na bara ma an cinye an wanke hannu, balle na tuntuni."

Shugaban sashensu ya ce masa, "Kai ma da sanya kai a uku. Rubuta gara ta cinye, shi ke nan." Dabo ya zauna, ya rubuta layi ɗaya, ya kasa ƙarasawa. Wallahi kunya ce ta hana shi, ba tsoron doka ba.

Rana ta shida ya hau babur har rugar Ardo. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura da nono, ya kasa kai ludayi baki. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba Ardo, takardarku ba ta nan. Ba gara ba ce. Ni na bayar aka naɗe ƙosai."

Dattijon bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana duban shanunsa, sannan ya ce a hankali, "Ranar nan ai biyu ka rubuta, Malam, ɗaya tamu ce. Kai ka karɓe ta daga hannuna, ka ce bukka ba wurin ajiye takarda ba ce."