Motar da Take Ja Dama

Damina ce mai ruwa, shekarar da Malam, maigidana, ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, komai na gidan ya yi nauyi. Duk Talata babban ɗanmu yakan kai mu asibitin Daura daga ƙauyenmu na Sandamu, a tsohuwar motar Malam. Ba mu da wata.

Ina zama gaba don Malam ya miƙe a baya, shi ya sa na fara lura motar tana ja dama, wajen kwalbati. In mun faɗa rami, sai in ji ƙwal-ƙwal a tafin ƙafata.

Muka kai ta gareji, bakanike ya zaga da ita kan kwalta, ya dawo yana dariya. "Inna, tsufa ne. Ke gwiwarki ba ta ƙara?"

"Tana yi, ɗan nan," na ce, "amma ba a ɗora mata mara lafiya."

Na ɗauko littafina na yaƙi da jahilci. Talata uku ina rubutawa a kan cinyata: rami, ƙara, kwana, ƙara, kwalta, shiru. Ranar ta ukun na durƙusa na shafa tayar gaba ta dama, na ji gefe ɗaya ya cinye.

Washegari muka koma garejin da motar, na karanta wa bakaniken abin da na rubuta, na roƙe shi ya ɗaga tayar ya girgiza. Ta yi ta rawa kamar haƙorin da zai fita. Na shimfiɗa tabarmata a inuwa, ban tashi ba sai da ya sauya ƙarfen da ke haɗa ta da sitiyari.