Turai Mai Ƙunshi da Injin Yatsa

Duk amaryar da aka kai ɗaki a Runka tun zamanin da ake awon gero da ƙwarya, da wuya in ba Turai ce ta yi mata ƙunshi ba. Gajeriya ce, mai faɗa kamar an aiko ta. Aikin hannunta kuwa ba ya ɓoyuwa: yatsu baƙi ƙirin har gaɓar farko, sai ɗigo a tsakiyar tafi kamar ƙwayar gyaɗa. Da lallen nan ta ci, da shi ta sha, da shi ta riƙe gida bayan mijinta Rabe ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Marwa, da akuya mai tari.

Shekarar da mutanen daji suka fara tare hanya, Marwa ta hau mota za ta biki Batsari. Motar ba ta isa ba. Da aka samo su a bakin rafi rana ta riga ta yi aikinta, maza sun yi cirko-cirko, ba mai iya cewa wannan wance ce. Turai ta bi gawarwakin tana buɗe tafin hannu har ta ga ɗigonta. Wasu matan haka aka binne su ba suna. Tun daga ranar, mace ba ta fita gidan Turai ta hau mota da farin hannu.

Ta kwashi jikarta Sadiqa, 'yar Marwa, suka koma Safana, suka raɓe a wani ɗaki bayan gidan mahauta. Yarinyar ta kama boko kamar da shi aka yi mata wankan jego, har ta gama sakandare, abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarsu kaf. Akwai wani Malam Uzairu, malamin firamare, siriri kamar ba ya cin tuwo, da ke tara 'ya'yan talakawa ranar Asabar yana shirya su don jarrabawar shiga jami'a, kyauta. Kwamfutarsa guda ce, fuskarta a tsage, yara na layi suna koyon latsa ta. Shi ya kai su Katsina rajista aka ɗauki yatsunsu, ranar kuwa Turai na kwance da zazzaɓi, ba ta san an fita ba. Da ta ji, sai da ta yini ba ta yi wa yarinyar magana ba.

Da jarrabawa ta matso, Malam Uzairu ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da labarin hanya, sannan ya ce, "Inna, roƙo na zo yi. Kada a sa wa Sadiqa lalle. A bakin zauren jarrabawa akwai injin da ake dangwala wa yatsa. In bai gane ta ba, ba za ta shiga ba."

"Injin da ke tsoron lalle?" in ji Turai. "Ɗan nan, mace ce ta ƙera shi ko namiji?"

"Inna, lallen yana cike zanen yatsa ne."

"Zanen da Allah ya yi, ganye ne zai share shi? Kai dai ka karantar da su. Hanyar ka san ta?"

"Da rana za mu bi, cikin jerin motoci."

"Marwa ma da rana ta bi."

Malam ya yi sallama ya tafi yana waiwaye, a zatonsa ya isar da saƙo.

A makon nan labari bai yi daɗi ba. An ce an ga babura a bayan Karare. Mutanen ƙauyuka na shigowa Safana da tabarmi a ka, har kasuwa ta fara watsewa tun kafin la'asar. Turai na zaune tana ji, tana tankaɗe lalle.

Ana jibi tafiya, da hantsi, ta kwaɓa shi, ta ɗauko leda da tsumma.

"Miƙo nan."

"Inna, kin ji abin da Malam ya ce."

"Na ji. Shi zai je nemanki a bakin rafi?"

"To ki yi mini a ƙafa."

"Ƙafa! Karnuka da ƙafa suke farawa, 'yar nema."

Sadiqa ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta ga ƙwaryar na rawa a hannun tsohuwar, hannun da bai taɓa karkata layi ba. Sai ta miƙa hannun. Lalle kuwa ya kama kamar ya san abin da ake ciki.

Washegari Malam Uzairu ya ga hannun, ya zauna a ƙasa daɓas, ko tabarma bai nema ba. Matan mahauta suka taru, kowa da dabararta. Wannan ta kawo lemun tsami, waccan toka, wata ta zo da dutsen goge kaushi. Suka dirji yatsun yarinyar har suka yi sulɓi suna sheƙi. Lallen bai tafi ba, zanen ne ya tafi.

Ranar tafiya Barau direba ya kwashi Malam da ɗalibansa a bayan a-kori-kura. Turai ta tsaya a tasha har ƙurarsu ta kwanta, ta koma ta zauna fuskarta na kallon ƙofa, ko ruwa ba ta sha ba.

Sun isa lafiya, sun dawo lafiya. A Katsina an goga yatsan Sadiqa da auduga, an hura masa iska, an gwada na dama an gwada na hagu, injin yana kawo ja. Ta koma gefe tana kallon abokan karatunta suna shiga. Aka ɗauki sunanta, aka ce za a neme ta.

Da ta shigo gida Turai ta kama ta tana shafa kanta, tana cewa, "Kin dawo, kin dawo." Yarinyar ta zare jikinta a hankali ta shige ɗaki.

Har yau ba a neme ta ba. Malam ya ce in bana ta wuce akwai baɗi, amma ajin Asabar ɗin sai raguwa yake, iyaye na ta ƙaura da 'ya'yansu. Shi ma matarsa ta fara ɗaure kaya. Barau ya ce ya bar bin hanyar nan sai abin da hali ya yi.

Kullum da safe Turai kan ce, "Kawo in gani." Sadiqa ta miƙa hannu tana kallon bango. Baƙin ya koɗe, sabuwar fata ta fito da zanenta tsaf. Tsohuwar ta juya yatsan a hasken rana, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sake shi. Ranar Laraba da ta wuce an ga ta a bakin kasuwa tana taya sabon garin lalle.