Injin da Yaya Ya Hana 'Yan Gwangwan

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar yayana Malam Hadi, bakanike a Kiyawa, amma har yau in na ji ƙarar injin niƙa sai na kasa kunne in ji ko lafiyarsa ƙalau. Shi ya koya min wannan halin.

Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba maigidana ya rasu, ya bar min 'ya'ya huɗu da tsohon injin niƙa. Da shi muke ci. Ina fita takaba injin ya fara bugawa ƙwal-ƙwal kamar ana daka a cikinsa. Makanikai biyu daga unguwar Takur suka duba, suka ce karanshaf ya lanƙwashe, sai dai a kai wa 'yan gwangwan. Ƙannen mijina har sun kira mai saye. Wallahi na tsorata.

Yaya ya iso a babur, ya kwance injin ya ciro karanshaf ɗin. Ya tambaye ni ko na san aikin wannan ƙarfe mai gwiwa-gwiwa. Ina fa na sani! Sai ya nuna min keken ɗinkina, ya ce ƙafa sama da ƙasa take yi amma wili juyawa yake, to haka fistan da ke cikin injin ke hawa da sauka, karanshaf ya mayar da shi juyi. Ya sa aka ɗauko turamena biyu ya ɗora ƙarfen a kai, ya kara alli a jikinsa yana mirginawa a hankali. Da a lanƙwashe yake, gefe guda kawai allin zai taɓa. Layin ya zagaye tsaf.

"Ƙanwata, ƙarfenki lafiya lau. Metal ne ya cinye."

Metal shi ne ɗan kwanon da ƙarfen ke juyawa a ciki. Ya yanko gwangwanin madara siriri ya sa a bayan metal ɗin, ya ɗaure. Mai saye na tsaye da amalankensa aka wana hannun injin. Ya yi tari sau biyu ya kama, matan unguwa suka rangaɗa guɗa, ni kuwa kuka na yi don daɗi.

Da a ce zai dawo duniya ya ga yadda yanzu da an ji ƙara sai a ce a sayo sabo, na san tsakin da zai ja. Injinan ban-ruwa da suka cika fadama kam za su burge shi.

Bai bar gareji da sunansa ba, Allah Ya jiƙansa. Amma injin nan ya raini 'ya'yana huɗu har suka zama mutane. Bara babban ɗana ya buɗe shi zai wanke, ya tarar da guntun gwangwanin, ya tambaye ni ko ya yar. Na ce ya mayar da shi inda kawunsa ya sa shi.