Sandar Fatsa ta Mai Hannu Ɗaya: Ta'aziyyar Mirza Karamat Baig

Daga Allah muka fito, kuma komai jimawa wurinsa za mu koma.

Ranar Talata, sha takwas ga watan Nuwamba, da hantsi, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki a kasuwar Kotli, sai ɗanka Shafqat ya shigo ba tare da sallama ba. Ya dafa teburi, ya kira ni da "Babu", laƙabin girmamawa da ake yi wa ma'aikata irina a nan, ya ce, "Babu Ishfaq, Abba ya tafi." A haka na sami labarin rasuwarka, Mirza Karamat Baig, mai shagon tagulla a layin maƙera, kuma dattijon 'yan fatsa na kogin Poonch, bayan ciwon zuciyar da ka daɗe kana fama da shi. An sallace ka bayan la'asar. Abokanmu na ƙungiyar 'yan fatsa sun ɗora mini rubuta wannan ta'aziyya, na kuma karɓa da fargaba, domin ina tsoron in rage maka wani abu daga haƙƙinka, ko in ƙara abin da da kana raye za ka ce in goge.

Lokacin da na fara zuwa bakin kogi, duk abin da na sani game da fatsa daga ƙasidu na samo shi, waɗanda wani ɗan'uwana da ke Ingila yake aiko mini. Ranar da muka fara haɗuwa, cokalina ya maƙale a dutse a tsakiyar ruwa, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da muke ja a cikin ruwa yana walƙiya, kifin mahseer ya zaci ɗan kifi ne ya kai masa cafka. Ina ta ja ina gumi, sai ka iso. Ka yanko ɗanyen reshe, ka lanƙwasa shi kamar zobe, ka zura shi a zaren, ka sake shi ruwa ya tafi da shi. Da ya wuce dutsen sai ya fizgi zaren ta baya, cokalin ya fito. Ba ka yi mini dariya ba. Ƙasidar da ta leƙo daga aljihuna ka zaro, ka duba hotunan da kyau, ka ce in ara maka, akwai wani ƙullin zare a ciki da ba ka taɓa gani ba. Tun daga ranar nake binka.

Duk wanda ya zo shagonka neman sandar fatsa ya san ba a gaggawa. Sai ka sa an kawo masa shayi, ka tambaye shi inda yake niyyar tsayawa a kogi, ka dubi kafaɗarsa da wuyan hannunsa, ka tambayi ko bayansa na ciwo. Mai saurin fushi kakan ba shi sanda mai taushin kai, don kada ya tsinke zare idan kifi ya yi gudun farko. Mai sanyin jiki kakan ba shi mai tauri. Cokulan kuwa da hannunka kake yanka su daga tsofaffin farantan tagulla. Ka koya mana mu ɗaura fari idan ruwa ya yi garau, ja idan ya ɗan gurɓace, idan kuwa damina ta mai da shi launin shayi mu ajiye ƙarfe mu koma ƙullun alkama. Kuma kai ne ka kafa mana ƙa'idar da muke alfahari da ita: babban mahseer ba ya barin kogi. A auna shi da ido, a cire ƙugiya, a sake shi. Tun kafin in san ka ka daina kashe su.

Saboda wannan ƙa'ida babu waɗanda muka tsana kamar masu jefa nakiya a gurbin ruwa, su kashe babba da ƙarami, su kwashi abin da ya taso su bar sauran ya ruɓe. Sajawal yana cikinsu. Magidanci ne daga wani ƙauye a ƙetaren kogi, ya sha zagin mu daga can gaɓar, mu ma mun sha rama masa. A bazarar bara nakiya ta tashi a hannunsa kafin ya jefa, ta tafi da hannun dama daga wuyan hannu. Da labari ya iso mana muna shayi a shagonka, ɗaya daga cikinmu ya ce, "To, kogi ya karɓi zakkarsa." Wasu suka yi dariya. Kai kuwa ka ajiye kofinka, ka tambayi ko 'ya'yansa nawa.

Bayan an sallame shi daga asibiti ka ce in raka ka gidansa. Na yi ta kawo maka dalilai: hanyar ba ta da kyau, zuciyarka ba ta son hawa, kuma mutanen nan ba a san abin da za su yi ba. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce in ɗauko maganinka mu tafi.

Mun same shi a kan gadon igiya, ya rufe dungun da mayafi. Ko tashi bai yi ba.

"Mirza Sahib, kallo aka zo?"

"Awo na zo yi. Miƙo hannun."

"Wanne? Ɗayan yana wurin kifayenka."

"Ai sun ce ba shi da daɗi. Miƙo abin da suka rage."

Sai ya yaye mayafin. A ranar ne ya gaya mana halin da yake ciki. 'Yan'uwansa sun bar nakiya sun koma amfani da injin wuta, suna zura waya a ruwa, kuma sun ce masa hannu ɗaya ya isa riƙe sandar waya. Ni na san abin da wannan aiki yake yi wa mutane, domin an sha kawo mana waɗanda wutar ta ƙona, akwai kuma waɗanda ba kantin magani aka kai su ba. Ya ce ba son aikin yake ba, amma tun da ya dawo gida matarsa ce take ɗaura masa tazuge, 'ya'yansa kuma sun daina tambayarsa abin da ya kawo. Ka ce masa za ka haɗa masa sandar da zai kama kifi da ita shi kaɗai. Ya ce zai gwada, amma idan sanyin baɗi ya shigo, ruwa ya ja baya, bai kama komai ba, zai bi 'yan'uwansa, kada kowa ya ƙara zuwa masa da wa'azi. Ka ce ka yarda.

Abokanmu ba su ji daɗi ba. Wasu sun ƙaurace wa shagonka na wani lokaci. Kai dai ka duƙufa. Ka zaɓi gajeriyar sanda mai taushi, ka sa baduku ya ɗinka kuben fata a jikin ɗamara inda gindin sandar zai zauna, da maɗauri wanda zai haɗa ta da dungun. Ka juya mariƙin keken naɗe zare ya koma hagu. Abin da ya gagara shi ne jifa. Cokali yana buƙatar a wurga shi nesa, a kuma fara naɗewa nan take, in ba haka ba ya nutse ya maƙale. Sajawal ya zubar da cokulanka masu yawa a gindin duwatsu.

Wata rana ka aiko a kira ni, ka ce in zo da takarduna duka. Muka baje su a kan teburin shago. A cikin wata ƙasida ta masu kamun kifin bass a tafkunan Amurka ka ga hoton ɗan kifin katako mai ɗan leɓe a gaba, ka sa na karanta maka bayanin a hankali, na kuma maimaita. Idan an ja shi sai ya nutsa yana rawa, idan an tsaya sai ya taso ya yi iyo. Ka bugi teburi ka ce, "Shi ke nan, Babu! Ba sai ya yi jifa ba. Ya tsaya a saman gurbi, ya saki zare, kogi ya kai masa." Ka sassaƙa irinsa daga katako mara nauyi, ka sa masa leɓen tagulla. Sannan ka ɗauki magagari ka goge haƙoran ƙugiyoyin, 'yar ƙayar nan da ke hana ƙugiya fita.

Wannan gugar ita ta kusa raba ku. Ƙugiya marar haƙori ba ta yafe sakaci. Zare na yin sako-sako kifi ya tofar da ita. Da damina ta ɗauke a bana, ruwa ya washe, mahseer ya yi ta cafkar ɗan katakon yana kuɓucewa. Ranar da wani babba ya kuɓuce dab da gaɓa, Sajawal ya kwance ɗamarar ya jefar.

"Da gangan kake yi! Kifayenka kake tausayi, ba ni ba!"

"Ɗauki ɗamararka, ɗana."

"Ka ba ni ƙugiya irin ta mutane!"

"Idan mai haƙori ta shige wannan hannun kana kai kaɗai a bakin ruwa, da me za ka cire ta? Da kunne?"

Ya dubi hannun nasa na hagu ya jima. Ya sunkuya ya ɗauki ɗamarar.

A lokacin jikinka ya riga ya yi nauyi, kuma sanyi ya fara shigowa da safe. Mun ji an ce 'yan'uwan Sajawal sun gyara injinsu. Uwargidanka, Apa Zeenat, ta hana ka fita, da ta ga ba ka hanuwa sai ta damƙa mini amanarka: in ba ka magani a kan lokaci, kuma kada ƙafarka ta taɓa ruwa. Muka riƙa ɗaukar maka kujera zuwa gaɓa, kana zaune cikin bargo kana ba da umarni.

A ƙarshen Oktoba, da safe, sandar ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa, keken ya fara kuka. Biyu daga cikin abokanmu suna nan, suka yunƙura za su taimaka. Ka daka musu tsawar da ban taɓa jin ka yi ba: "Wanda ya taɓa sandar nan ya daina shiga shagona!" Sannan ka sassauta murya kana yi wa Sajawal magana kamar mai lallashin doki. Bar shi ya gudu. Ɗaga dungun sama. Yanzu naɗa, kada ka tsaya. Maɗaurin ya yanke masa fata, jini yana bin sandar, bai ko duba ba. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefe cikin ruwa marar zurfi, sai na ga ka yaye bargo kana neman miƙewa. Na tare ka. Ka ce, "To kai shiga." Na shiga da wandon aiki da takalmi, na rungumo shi.

Macen mahseer ce, ruwan zinariya, tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna. Sajawal ya durƙusa, ya murɗa ƙugiyar da yatsu biyu ta fita. Ya ɗaga kai bai dubi kowa ba ya ce, "Gida zan kai shi."

Na matso kusa da kai na raɗa maka cewa ƙa'idarmu ta hana, kuma kai ka kafa ta, kuma ga shaidu. Ka ce, "Na sani, Babu. Bari 'ya'yansa su gani." Ka juya ka ce masa, "Kifinka ne. Ka bi ta kasuwa, kada ka bi ta bayan gari." Na ga yadda ka kawar da fuska lokacin da ya buga wa kifin dutse a ka. Na san abin da wannan ya ci maka, na kuma san maganganun da suka biyo baya a ƙungiya, waɗanda ka saurara ba ka kare kanka ba. Sajawal ya saɓa kifin a kafaɗa ya ratsa kasuwa da shi, ya wuce ta gaban rumfar 'yan'uwansa. Da suka fita da injinsu a makon da ya biyo, bai bi su ba.

Ba ka sake komawa kogi ba. Ranar Juma'ar ƙarshe ta rayuwarka ina gefen gadonka ina jera magunguna, sai ga Sajawal ya shigo, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya gaishe ka, ya zauna a ƙasa, ya ce ya kama wani da asuba, shi kaɗai, kuma ya fi na farko.

"Ina yake?" ka tambaya.

"Na sake shi."

Ka buɗe ido ɗaya. "Ƙarya kake yi. Kuɓuce maka ya yi."

"Wallahi, Mirza Sahib, da hannuna na sake shi!"

"Da wane hannun?"

"Ai ɗaya ne, ba a ruɗewa."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Apa Zeenat ta leƙo tana faɗa, ni kuma na rasa kofin ruwa. Da numfashinka ya daidaita sai ka miƙa hannu ka dafa kansa, ka bar shi a nan har barci ya ɗauke ka. Wannan ce dariyarka ta ƙarshe da na ji.

Ya Allah, ga bawanka Karamat Baig ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya je har gida ya nemi wanda mutane suka juya wa baya, kai ma kada ka juya masa baya ranar da babu inuwa sai taka. Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna.

A madadin 'yan fatsa na Kotli, ina miƙa ta'aziyya ga Apa Zeenat, da Shafqat da ƙannensa mata, da jikoki, da maƙwabtansa na layin maƙera. Ina kuma miƙa ta ga Sajawal, wanda ya zauna cikin iyali ranar karɓar gaisuwa, babu wanda ya tambaye shi dalili. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.