Layin da Zare Ya Rufe

Shekaranjiya maƙwabciyata ta dafa wa mijinta tawada, ƙamshin ƙaro da gawayi ya tsallako katanga ya same ni. Sai ga ni a gidanmu na Soron Ɗinki, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a daminar da ta kusa raba gidanmu biyu.

Baba mai zanen riga ne. Wataƙila ba ka san sana'ar ba, mai karatu, domin ba a ganinta. Kafin maɗinki ya sa allura a babbar riga, sai an kawo ta wurin irin su Baba. Shi zai shimfiɗa ta a kan allo, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya fitar da aska takwas a ƙirji, da tambari mai zagaye kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Maɗinki ya bi layin da zaren tsamiya har ya rufe shi ruf. A gari sai a yaba ɗinki, babu mai tambayar wanda ya zana.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne yanar ido ta fara rufe ganin Baba. Shekara biyu ke nan idan aka kawo riga zaure sai ya ce hasken tsakar gida ya fi masa. Da ya shigo sai ya miƙa wa Yayana alƙalami. Yaya ya zana, Baba ya fita da rigar a matsayin aikinsa. Da wannan muke ci, da shi kuma mutuncin Baba yake tsaye a zaure.

Hannun Yaya bai tsaya a riga ba. A bayan littattafansa na makarantar midil akwai jakuna ɗauke da itace, da marina a bakin karofi, da Inna tana tankaɗe. Malaminsu ya gani. Wata Asabar ya yi sallama da takarda a hannu, ya ce akwai makarantar koyon zane a Zariya, sun ga aikin yaron sun amsa, saura uba ya sa hannu kafin Juma'a ta sama.

Ina laɓe a bayan asabari na ji Baba ya ce, “Malam, zane ma sai an je masa makaranta? Mu a gwiwar iyayenmu muka koya.”

Baffa, ƙanin Baba, ya ƙara da nasa: “A je a koyi zana mutum da ido da baki? Ran gobe a ce ka busa masa rai, ka ce me? Kuma in ya gama, wa zai ci hoto?”

Malamin ya ajiye takardar ya tafi. Mu na cikin gida mun san ba maganar Baffa ce ta riƙe Baba ba. In Yaya ya tafi, rigar farko da za a kawo ita za ta tona asiri.

Yaya bai yi musu ba, da ma ya yi. Ya daina cin abinci. Ya kwashe zanensa ya zuba a bakin indararo lokacin da ake sheƙa ruwa, ina kallon fuskar Inna tana narkewa a takarda. Na ruga na tsamo abin da ya tsamu. Ya ce, “Bar su. Wanda aka ɗaure a turke me zai yi da hanya?” Inna ba ta iya kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta tura ni da kwano ta ce, “Kai wa wancan, ko loma ɗaya.” Kwanon ya dawo yadda ya tafi. Baba kuma yakan zauna a gindin dalbejiya yana juya takardar da ba ya iya karantawa.

Na fara da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da na dawo daga makarantarmu ta 'yan mata sai in tsuguna bayan ɗaki, in yi ta jan aska, ruwa ya shafe, in sake. Kwana biyar ina yi. Ranar Alhamis da la'asar, Baba yana zaure, Yaya yana ɗaki ya juya wa duniya baya, na ɗauki rigar saƙi ta wani attajiri da ke jiran zane. Na san in na ɓata ta, babu abin da zai wanke mu. Duk da haka na tsoma alƙalami.

Askokin sun fito. Tambarin ne ya ci amanata, ya karkace kamar ƙwaryar da aka taka. Na zauna ina kuka a kansa har Baba ya shigo.

Tawada mai ƙaro in ta bushe takan ɗan sandare a jikin yadi. Baba ya ɗora yatsa ya bi layin daga farko har ƙarshe. Yakan kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarsa nake da shi.

“Uwata, wannan ba hannun yaron nan ba ne. Hannun nan tsoro yake ji.”

Kafin in amsa aka yi sallama. Tsohon maɗinkin da ya shekara talatin yana bin layin Baba ne ya zo karɓar riga. Babu lokacin ɓoyewa. Baba ya ɗauke ta ya fita, ni kuma na manne da bango.

Na kasa kunne. Sannan tsohon ya yi gyaran murya.

“Malam, hannun naka kullum ƙuruciya yake ƙarawa. Shekara biyu ke nan ya koma na saurayi, yau kuma ga shi kamar na 'yan gaɗa.”

Sai tsohon ya ƙara da cewa:

“Tambarin ya ɗan zame. Bar ni da shi, zare zai rufe. A dai riƙa ce wa hannun ya saki numfashi kafin ya zagaya.”

Da Baba ya dawo ciki ya ce in kawo takardar. Ni na kama yatsunsa na kai su kan layin, ya rubuta sunansa da ajami. Yaya ya durƙusa a gabansa.

Shekara bakwai na yi ina zana riguna a tsakar gida. Ƙawayena suka wuce makarantar horon malamai suka bar ni, sai daga baya na bi sahunsu. Yaya ya gama, ya zama malamin zane. Ranar da ya dawo ya kawo hoton Baba da ya yi da fenti, kamar ya buɗe baki ya yi magana. Lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Baba ya shafa shi sama da ƙasa, ya daɗe, yatsunsa suna neman layi ba su samu ba.

“Sumul yake,” in ji shi. “Uwata, ya yi kama da ni?”

Na ce ya yi. Ya ce, “To, madalla,” ya miƙa wa Yaya abinsa.

Yanzu keken ɗinki ya shigo unguwarmu, masu kawo riga zane sun ragu. Ni ma ina koyarwa, kuma wani lokaci uwar ɗaliba takan tare ni ta ce ɗanta ya nace sai makarantar zane, anya akwai riba? Ban taɓa cewa babu ba, domin na ga yadda Yaya ya dawo da rai a idonsa. Abin da nake cewa shi ne, “Ki bar shi ya je. Amma ki fara dubawa wa zai riƙe alƙalamin a gida, ki tambaye ta ko ta yarda.”